Ga masu neman kwangilar gwamnati

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tunatarwa ce ga masu son sayar wa ma'aikatun gwamnati kaya ko yi musu aiki.

Tun kafin a tallata kwangila, ku tanadi takardar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, asusun banki da sunan kamfani, da shaidar ayyukan da kuka taɓa yi. Da yawa tun a tantancewa ake watsar da su, ba a ma duba farashinsu ba, don wa'adin takarda ɗaya ya ƙare ko an manta sa hannu. Abin takaici ne ƙwarai.

Ku karanta bayanin kayan layi-layi. In an ce takarda mai giram 80, kada ku kawo mai 70, za a dawo muku da ita. In an ce farashi a ambulan daban, ku raba shi da sauran takardu. Wanda ya makara wajen miƙa takardu kuwa ba a karɓar nasa.

Wajen sa farashi, ku lissafa kuɗin sufuri, harajin da ake cirewa, da jinkirin biya, wanda kan kai watanni. Kada ku kai kaya sai da takardar oda a hannu, kuma a sa muku hannu cewa an karɓa.