Ba wayarka ce ta lalace ba, kuma Arya ba ta ci haƙƙin Jon Snow ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu. Na san shafin wasiƙu ya saba da kukan rashin wuta da lalacewar hanya da tsadar taki, to yau ga wani ya zo da maganar fim. A yi mini haƙuri, abin ne ya ishe ni. Kwana huɗu ke nan ba a yi wata hira a bakin shagona ba sai ita.

Ni mai gyaran waya ne. Ranar Litinin 29 ga Afrilu, 2019, kafin a kira azahar, mutum uku suka kawo mini waya da kuka iri ɗaya: gilashi ya mutu, sauti na fita amma hoto baƙi ƙirin. Na farkon har na jawo akwatin kayan aiki zan buɗe ta, sai na ce ya nuna mini inda take yin hakan. Yana kunnawa na ji kururuwar yaƙi, ashe Game of Thrones ne, shirin nan mai dogon zango na tashar HBO ta Amurka, zango na 8 kashi na 3, wanda suka sa wa suna "The Long Night", wato dogon dare. Na ce masa, Malam, mayar da kuɗinka aljihu, wayarka lafiyarta lau, ni ma da asubar nan haka na yi ta ƙura ido kamar mai neman allura a cikin rijiya.

Tun da allo sana'ata ce, bari in faɗi abin da ya faru. Dare 55 suka yi suna ɗaukar wannan yaƙi a Ireland ta Arewa, kuma da gangan suka bar shi da duhu, hasken da ake gani galibi na wuta ne da na tocilan itace. Tsawonsa minti 82, babu kashin da ya kai shi tsawo tun da aka fara shirin a 2011. To mu nan, yawancinmu ba ainihin hoton muke samu ba. Wanda aka matse ne ya koma ɗan ƙarami don kada ya cinye data, kuma idan aka matse bidiyo abin da ake fara zubarwa shi ne ɗan bambancin da ke tsakanin baƙi da baƙi. Sai duhun ya koma dabbare-dabbare, ba ka bambance mutum da doki. Ka ɗora wannan a kan ƙaramar waya, a ƙarƙashin rumfa, da rana tsaka. Me za ka gani? Wanda ya ɗauki hoton, Fabian Wagner, ya fito ya ce mutane ne ba su iya saita talabijin ɗinsu ba, kuma suna kallo a ƙananan na'urori. Yana da rabin gaskiya. Amma mutum miliyan 17.8 suka kalla a daren farko ta hanyoyin HBO a Amurka, masu manyan talabijin ma sun koka, ba mu kaɗai ba. Telan da rigarsa ta ƙi shiga mutanen gari ba zai ce kowa ne ya yi ƙiba ba. Wanda bai kalla ba tukuna, ya bari sai dare, ya kashe fitila, ya ƙure hasken wayar.

Ba duhun ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Fushin da ake yi da Arya Stark ne, don ita ce ta kashe Sarkin Dare, shugaban rundunar matattu, ba Jon Snow da suka tashi gida ɗaya ba.

Zan fara da tona wa kaina asiri. Mako biyu kafin nan na cika baki a majalisarmu ta wurin mai shayi, na ce idan ba Jon Snow ne ya kashe Sarkin Dare ba, ni zan biya wa kowa shayi da burodi da ƙwai. Mu tara ne. Na biya ranar Talata, har yanzu aljihuna bai huce ba. Don haka in akwai wanda ya cancanci jin haushi, ni ne. Hujjata kuwa ba ta banza ba ce. Jon ne ya yi ido huɗu da Sarkin Dare a Hardhome a 2015, lokacin da ya ɗaga hannu gawawwaki suka miƙe. Jon ne aka kashe aka dawo da shi a 2016, kowa ya ce ai don wannan ranar aka tashe shi. Sai ga shi ranar ta zo, gwarzon namu yana laɓe a bayan bango, daga ƙarshe ya miƙe yana yi wa mataccen dodo ihu, yarinya kuma ta faɗo daga duhu ta gama aikin da wuƙa ɗaya.

Da na huce na sake kallo, sai na ga laifin idona ne. Wuƙar nan ta ƙarfen Valyria ita ce wadda aka turo a kashe Bran, ƙanen Arya, da ita tun a zango na 1. Bran ɗin da kansa ya miƙa wa Arya ita a zango na 7, a gindin bishiyar nan da abin ya faru. Sakin wuƙa daga hannu ɗaya a cafke da ɗayan, irin wannan sauyin hannu ta nuna shi sa'ad da suke gwada ƙwanji da jaruma Brienne a tsakar gida. Shekara nawa aka yi ana koya wa yarinyar nan tafiya ba motsi, har da makantar da ita a Braavos ta koyi faɗa a cikin duhu? Beric Dondarrion an yi ta dawo da shi daga mutuwa, ashe don ya tare mata ƙofa ne a wannan dare. Masu shirin ma sun ce kusan shekara uku ke nan da suka yanke cewa ita ce. An shimfiɗa mana komai a faifai, mu ne muka kafe ido a kan mai dogon takobi. Sarkin Dare ma kuskuren da ya yi ke nan, ya tsare Jon da kyau, ya manta da ƙanwar.

Wuri ɗaya ne na yarda an ɗan yi mana wayo. A 2013 jar bokanyar nan Melisandre ta gaya wa Arya cewa za ta rufe idanu masu ruwan ƙasa da shuɗɗa da koraye. A wannan karon sai ta juya jerin, ta kai shuɗɗan ƙarshe don maganar ta dace da shuɗɗan idanun Sarkin Dare. Yarona na shago ne ya gano wannan, ya nemo tsohon kashin ya nuna mini, kuma tun ranar yake tafiya kamar ya ci zaɓe.

Abin da nake gani a Facebook da majalisu shi ne mutane sun yi shekaru suna gina hasashe, har suka manta cewa su suka gina shi. Da labarin ya bi wata hanya sai suka ce an ci amanarsu. Wa ya yi maka alkawari? Wannan fa shirin da ya sare kan Ned Stark, mahaifin Arya, ne a kashi na 9 na zangon farko, lokacin da duk muka ɗauka shi ne jarumin. Ranar da aka yanka ɗansa Robb da uwarsa a wurin biki mun yi ta yabo muna cewa ba a taɓa yin fim da ba ya jin tsoron mai kallo irin wannan ba. Yau da abin ya taɓa namu hasashen sai ya zama lalacewa.

Amma kada a ce ina wanke su tas. Duk wanda ya taɓa ganin ganuwa ya san amfaninta a tsaya a bayanta ne. Su kuwa sai suka fito da baraden Dothraki gaba, suka sake su a guje cikin duhu wurin abokin gabar da ba sa gani, wanda kuma duk wanda ya kashe ya zama sojansa. Ban musa ba, yadda wutar takubbansu ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya daga nesa, tsigar jikina ta tashi, ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka a fim ba. Sai dai kyau daban, hankali daban. Majaujawa a gaban dakaru, gwalalo a bayansu. Mata da yara kuma aka kai su maƙabartar ƙarƙashin gida, alhali abokin gabar sana'arsa tayar da gawa. Tyrion da ake yi wa kirarin kaifin basira yana cikinsu, bai ce uffan ba. Sannan sau nawa aka nuna matattu sun danne Sam da Jaime da Brienne, a ɗauke kyamara, a dawo a same su da rai? Theon ya mutu mutuwar maza, Jorah ya faɗi a gaban uwargijiyarsa Daenerys, mai neman karagar mulki, ƙaramar Lyanna Mormont ta tsone idon basamude kafin ta cika. Waɗannan sun biya. Sauran dai marubuta ne suka tsare su, ba sulke ba. Kuma abin da ya fi yi mini ciwo, barazanar da aka buɗe shirin da ita tun minti na farko, aka yi shekara takwas ana cewa hunturu na tafe, dare ɗaya ta yi ta watse kamar tulu.

Saura kashi uku, ranakun 5 da 12 da 19 ga Mayu. Ga nawa hasashen, in rubuta shi a jarida don kada in musa daga baya. Babban yaƙin King's Landing, babban birnin masarautar, a kashi na 5 zai zo, domin Miguel Sapochnik da ya ba da umarnin wannan shi ne mai wancan, kuma ba a kiransa sai in za a yi ɓarna. Cersei, sarauniyar da ke riƙe da birnin, na zaune da sojan haya 20,000 da jiragen ruwan abokin ƙawancenta Euron, ba ta rasa ko mutum ɗaya ba, ita kuwa Daenerys rundunarta ta rame. Mutanen majalisarmu sun ce Arya ce za ta kashe Cersei saboda maganar korayen idanu. Ni na ce a'a, ba za a ba mutum ɗaya manyan kawuna biyu ba. Jaime ne. A littafin George R. R. Martin da aka ciro shirin daga ciki an yi wa Cersei duba cewa ƙane ne zai shaƙe ta, ita ƙanenta Tyrion take zargi, alhali Jaime, ɗan tagwayenta, ma bayanta ya faɗo duniya. Fim ɗin ya tsallake wannan magana, amma zuciyata na nan. Rigimar gaske kuwa tana tsakanin Jon da Daenerys. Tun da ya gaya mata shi ɗan wanta Rhaegar ne, wato ita gwaggonsa ce kuma ya fi ta haƙƙin karaga, fuskarta ba ta koma daidai ba, ga Sansa, yayar Arya, ba ta da niyyar durƙusa mata. Ba na jin su biyun za su kai ƙarshe da rai. Ƙanwata ta ce Bran ne zai yi sarauta, muka yi mata dariya har ta yi fushi ta tashi.

Roƙona na ƙarshe ga masu fasa ƙwai ne. Ƙarfe 9 na dare ake sakin shirin a New York, ƙarfe 2 na dare ke nan a nan, kafin mutum ya idar da sallar asuba wani ya riga ya rubuta "Arya!" ya manna hoton. Ga azumi ana sa ran kamawa farkon mako mai zuwa, kuma kowa ya san shirin nan yana da wuraren da ko ba azumi sai an tura gaba da sauri. Da yawanmu mun yi shawarar ajiye sauran ukun sai bayan Sallah. Wata guda za mu yi muna toshe kunne. Don Allah wanda ya kalla ya riƙe bakinsa, musamman masu kawo gyara su tsaya a kaina suna ba da labari ina riƙe da wayarsu a buɗe.

Mai shayi ya tambaye ni ko zan sake cika baki a kan Jaime. Na ce masa shayi kawai, ban da ƙwai.

Naka,
Mai gyaran waya, daga Gusau
2 ga Mayu, 2019