Amsa ga Malamin da ya ce an biya ni in ɗaure bakin talaka

Assalamu alaikum, Malam.

A muhawarar da aka yi a rediyo ranar Asabar ka kira sunana a gaban jama'ar Yamai, ka yi tambaya biyu. Wa ya ba ni ikon zaɓar wa talaka kalmar da zai furta idan ya bugo waya? Kuma nawa Turawa suka biya ni na shigo da al'adarsu ta tauna magana don kada a ɓata wa kowa rai? Ka ce ƙa'idojin da nake koya wa masu gabatar da shirin kiran waya takunkumi ne, kuma sun mai da ƴan jarida matsorata.

Maganar kuɗin ce ta fi yi mini zafi, don haka da ita zan fara. Ba ni da gida na biyu, ba ni da mota ta biyu, sunana kaɗai na mallaka, kuma waɗanda suka koyi aiki a hannuna suna nan daga Tawa har Damagaram, a tambaye su. Ka jefa zargi ba ka kawo ko takarda ɗaya ba, alhali ka san abin da irin wannan zargi yake jawo wa mutum a ƙasar nan a wannan zamani. Ka girme ni, kuma ina ganin girmanka, amma wannan bai dace da furfurarka ba.

Batun cewa daga waje aka kawo abin, buɗe kundin hukunta laifuka na Nijar ka karanta aya ta 102. Ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga duk wanda ya nuna wariyar ƙabila ko ya yi farfagandar ɓangaranci da za ta iya haɗa ƴan ƙasa faɗa. Kundin na 1961 ne. Cacar bakin da ake yi a jami'o'in Amurka kan wace kalma ta halatta ba ta yi ƙamari ba sai wajen 1990. In mai kira ya zagi wata ƙabila kai tsaye aka bar shi ya ƙarasa, shugaban gidan rediyon ne za a kira ya amsa tambaya, mai kiran kuwa ya kashe wayarsa ya kwanta.

Ga abin da ake koyarwa, tunda ka soke shi ba ka karanta ba. Shirin kiran waya yana buƙatar mutum uku: mai gabatarwa, mai kula da na'ura, da mai amsa waya kafin a sa mutum a iska. Na ukun yana ɗaukar suna da unguwa, ya tambayi mai kira a taƙaice abin da zai faɗa. Inda akwai hali ana sa na'urar jinkirta murya da daƙiƙa 7, domin a iya datse zagi kafin ya fita. Yawancin gidajenmu ba su da ita, saboda haka hannun mai na'ura ba ya barin maɓallin layin waya. Abu uku kaɗai ake datsewa: zagin mutum da asalinsa ko addininsa ko halittarsa, ɗora wa wani mai suna laifi ba tare da hujja ba, da kiran a far wa wasu mutane. A na farko da na biyu ma ba a datsewa nan take. Mai gabatarwa zai ce, "Malam, bar asalinsa, faɗa mana abin da ya yi." Sai ya maimaita ake rufe layi. Na ukun ne ake yankewa ba gargaɗi, kuma wanda ya san yadda rediyon RTLM ya ingiza kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994 ba zai nemi dalili ba.

Ka lura, babu inda aka ce a hana mutum cewa magajin gari ya ci kuɗin kwalbati, ko farashin buhun hatsi ya fi ƙarfin talaka, ko asibiti babu magani. Inda aikin yake lalacewa shi ne a ƙaramin gidan rediyo da mutum ɗaya ke riƙe da makirufo da na'ura da waya. Tsoro yana sa shi ya rufe layi da zarar ya ji sunan wani babba, sannan ya ce ƙa'ida ce. Wannan ƙarya ce yake yi wa ƙa'ida. Haka kuma idan mai ɗaukar nauyin shirin ne ake suka. Maganin shi ne a ɗauki kowane shiri a ajiye, washegari edita ya saurari duk kiran da aka datse, ya tambayi mai gabatarwa wanne daga cikin ukun nan mai kiran ya taka. In ya kasa nunawa, a bugo wa mutumin a ba shi filinsa.

Ka yi ba'a da cewa an hana faɗin makaho da gurgu. Ban hana ba. Makafi suna da sarkinsu, kuma da wannan suna suke kiransa. Wasan taubasai ma ba wanda ya taɓa shi: Bamauri da Bafulatani, Bagobiri da Bazabarme, su ci gaba da tsokanar juna, UNESCO ma ta sa wannan al'ada tamu cikin gadon duniya a 2014. Amma wannan wasa yana da sharaɗi, kowa yana da bakin ramawa.

Wanda ba shi da bakin ramawa shi ne wanda aka ce wa ɗan bayi, kuma kalmar da kake kare haƙƙin faɗinta ke nan. A Azawak da Adar wannan kalma tana raba aure, tana hana mutum gona, tana hana shi limanci a wasu wurare. Dokar 2003 ta mai da bauta babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Hadijatou Mani, ƴar jihar Tawa, an sayar da ita tana da shekara 12 a kan jika 240 na sefa, aka mai da ita wahaya, wato ƙwarƙwara, sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke cewa Nijar ta kasa kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10. In mace mai irin tarihinta ta zo ɗakin watsa shiri, wani ya bugo ya ce mata baiwa ta yi shiru, aka bar shi, ita ce aka rufe wa baki. Gobe ba za ta dawo ba, kuma goma irinta da ke sauraro ba za su taɓa bugowa ba.

Akwai tauna magana da ke kashe gaskiya, ban musa ba, amma ba inda kake nunawa take ba. A 2005, lokacin da cibiyoyin ciyar da yara a Maraɗi suka cika, shugaba Tandja Mamadou ya ce wa BBC babu yunwa a Nijar, aka koma cewa ƙarancin abinci. A watan Maris na shekarar aka soke bikin ƴanta bayi kusan 7,000 a Inates, hukumomi suka ce babu bauta, daga baya aka kama Ilguilas Weila, shugaban ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta. Wannan shi ne lallashin kalma don jin daɗin mai iko. Ma'aunin da nake ba ɗalibai ɗaya ne: bayan ka canza kalmar, wanda ya aikata da abin da ya aikata da adadin waɗanda abin ya shafa suna nan? In suna nan, ladabi ka yi. In ɗaya ya ɓace, rufa-rufa ka yi, ko da Hausarka ta fi ta kowa daɗi.

Abin da ya fi damuna da kai da ire-irenka, Malam, shi ne inda kuke ajiye fushinku. Dokar watan Yuni 2010 ta cire ɗauri daga laifukan jarida, shugaba Issoufou Mahamadou ya sa hannu a sanarwar Table Mountain ta kare ƴancin jarida a Afirka a 2011. Sai dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da gidan kaso ta bayan gida, da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020. Aka sassauta ta a 2022, aka maido da ɗaurin a watan Yuni 2024. An rufe RFI da France 24 a Agusta 2023, an dakatar da Gidan ƴan Jarida a Janairu 2024, an dakatar da BBC wata uku a Disamba. Mutum yana iya goyon bayan wasu daga cikin matakan nan, yana iya ƙinsu, amma su ne ainihin muhawarar ƴancin magana a ƙasar nan, ƙarƙashin farar hula da ƙarƙashin soja. A duk waɗannan ranaku ban ji ka ce uffan ba. Ka zaɓi malamin rediyo saboda zaginsa ba ya kai kowa komisariya, kuma yana tara mabiya a Facebook.

Dukan shirye-shiryen da ɗalibaina suka gabatar a ajiye suke. Ka zo da wanda ka yarda da shi, ku saurara, ka nuna mini kira ɗaya da aka datse saboda ya soki hukuma ko attajiri da hujja, ni da kaina zan karanta maganar mutumin a iska. Zargin kuɗi kuwa, ka kawo shaidarka ko ka janye shi a tashar da ka faɗe shi.

Wassalam.

Mai koyar da aikin rediyo,
Yamai