Dalilin da ya sa tafiya da dawowa ba sa cin lokaci ɗaya

Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan wani ƙorafi da ya yawaita a teburinmu na tikiti. Mutum zai buɗe taswira a wayarsa, ya ja layi daga wannan ƙaramin filin jirgi zuwa wancan, ya raba nisan da gudun jirgi, sannan ya ɗago kai ya ce mun yi masa ƙari a lokaci. Lissafinsa daidai ne, sai dai akwai abin da wayar ba ta gaya masa ba.

Lokacin da ke jikin tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka zare katakon da ke tare tayar jirgi, ya ƙare idan an sake cusa shi a ɗaya filin. A tsakani akwai gangarawa zuwa titin tashi, da jiran izini, da hawa sama da jirgi ke yi sannu a hankali, da zagayen da yake yi don ya sauka yana fuskantar iska. A doguwar tafiya ba a ma lura da waɗannan mintoci, amma a gajeriya su ke cin kaso mai tsoka.

Sai uwa uba, iska. A ce nisan kilomita 300 ne, ƙaramin jirgi mai farfela kuma yana gudun kilomita 300 a awa. Idan iska ta kwanta, awa ɗaya ke nan cif. To bari iska mai gudun kilomita 50 ta riƙa bugo shi ta gaba: abin da yake ci a ƙasa ya koma 250, tafiyar ta zama minti 72. Da dawowa iskar ce ke tura shi, sai ya iso cikin minti 51 da 'yan daƙiƙu. Ku lura, ya yi asarar minti 12, ya maido kusan 9 kacal. 

Ƙananan filaye kuma suna da halinsu. Da yawansu babu fitilun titin sauka, babu na'urar da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin hazo. Rana na faɗuwa, aiki ya tsaya. In hazo ya rufe can, gara mu zauna a nan kuna hararar mu da mu je muna shawagi a sama muna ƙona mai. Shi ya sa ma muke ɗora jakunkunanku a sikeli, har da ku kanku wani lokaci. A ƙaramin jirgi kowane kilo yana shafar yawan man da za a iya ɗauka.

Daga wata mai kamawa za ku ga lokacin tafiya daban, na dawowa daban a tikiti. Wanda zai kama wani jirgin a gaba, don Allah ya faɗa mana tun wajen sayen tikiti, mu sa shi a tashin safe.

Mun gode da haƙurinku.

Naku,
Shugabannin kamfani