Wasiƙa zuwa ga Abba a kan gyaran littafin sallamata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, saƙonka ya iso ni ta hannun ƙanenka, kuma na fahimci abin da ya dame ka game da littafin sallamata daga aikin soja. Ka duba ka ga an rubuta Laberiya da lambar yabon ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, amma babu ambaton lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Saliyo, alhali ka tashi kana ganinta a maƙale a ƙirjin rigar faretina. Ka ce za ka tsaya tsayin daka sai an gyara. Na amince, Allah ya yi maka albarka. Sai dai na zaɓi in rubuto maka a takarda, domin a waya kai ne mai magana ni ina saurare, kuma abin da ke tafe yana bukatar ka karanta shi a natse.

Ka fara da sanin yadda abin ya gudana, saboda mai neman gyaran takarda dole ya fi mai riƙe da ita sanin labarin. Rundunar ECOMOG ta sauka a Monrobiya, babban birnin Laberiya, a watan Agustan 1990, kuma Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyinta, na mutane da na kuɗi. A Saliyo kuwa, sojojin ƙasar sun hamɓarar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a watan Mayun 1997, ECOMOG ta fitar da su daga Firitaun, babban birnin ƙasar, a Fabrairun 1998, shugaban ya koma kujerarsa a watan Maris, sannan ranar 6 ga Janairun 1999 'yan tawaye suka sake afka wa birnin. Bayan yarjejeniyar sulhu ta Lome a watan Yulin 1999, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa rundunarta mai suna UNAMSIL a watan Oktoba na wannan shekara. Da Najeriya ta shiga janye dakarunta, an bar wasu bataliyoyi a inda suke aka mayar da su ƙarƙashin Majalisa, suka cire hular ECOMOG suka sa shuɗiya. Bataliyarmu tana cikinsu. A ramin tsaro guda muka kwana jiya muka tashi yau, amma a wajen masu rubutu aiki biyu ne daban, kowanne da lambarsa, kuma ka'idar Majalisa ita ce sojan da ya cika kwana 90 a aikinta ya cancanci tata. Mun wuce haka nesa ba kusa ba, an yi mana fareti an maƙala mana.

Yanzu ga yadda abu ke shiga fayil ɗin soja. Duk abin da ya sami mutum, ƙarin igiya ne, ko sauyin wurin aiki, ko rauni, ko horo, ko aure, ko lambar yabo, sai an buga shi a odar bataliya, sannan a aika da kwafinta inda ake adana bayanai. Abin da ba a buga ba, a idon soja bai faru ba, ko da mutum dubu sun gani. Ni kuma ba mu daɗe da dawowa gida ba aka yi mini sauyi zuwa wata bataliya, fayil ya bi ni, takardar da ta ambaci lambar ba ta biyo shi ba. Akawun da ya cika littafin sallama abin da ya tarar a gabansa ya kwafa. Ban ɗauka akwai wanda ya zauna ya ƙulla mini sharri ba, kuma ba na so ka shiga maganar da wannan zato, domin wanda ya je ofis yana neman maƙiyi yakan manta da abin da ya kai shi.

Abu mafi nauyi a wasiƙar nan shi ne wannan. A saƙonka ka ce tunda za a buɗe fayil, gara a haɗa da neman lambar jarumtaka saboda daren da na ɗauko abokina a kafaɗa bayan an harbe shi. Ban yarda ba. Lambobin yabo ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ake bai wa duk wanda ya halarci wani aiki na tsawon wani lokaci, da mai dafa abinci da direba da mai riƙe da bindiga, kuma hujjarta ita ce sunanka a jerin waɗanda suka je. Akwai ta daɗewa a aiki tare da kyawun hali. Akwai kuma ta jarumtaka, wadda sai kwamandan mutum ya rubuta shaida a lokacin da abin ya faru, ta hau sama mataki-mataki har a amince. Ba a rubuta mini irin wannan ba, kuma ba a bin ta da roƙo bayan shekaru. Labarin da kuka ji a tsakar gida gaskiya ne, amma a wannan dare mutane da yawa sun yi abin da ya fi nawa, wasunsu ma a can aka binne su. Fayil kamar iyakar gona yake: ranar da ka matsa da ita taku ɗaya don ka ƙara, ka ba kowa damar ya tuhumi gonar gaba ɗayanta. Lamba ɗaya muke nema, wadda aka riga aka ba ni, kuma a kanta za ka tsaya.

Saboda haka ka rabu da mutumin nan da ka ce ya san hanya, wanda ya yi maka alkawarin sa duk abin da muke so in an ba shi na goro. In ma yana da hanyar, to abin da zai shigar ta bayan gida shi zai ɓata na gaskiyar ranar da aka zo tantancewa, kuma sunana ne a jiki, ba nasa ba. In kuwa ba shi da ita, kuɗinka sun tafi. Tsofaffin sojoji da yawa an cuce su da irin wannan zance a kan fansho da garatuti, har da waɗanda suka sayar da awakinsu. Gyaran bayani haƙƙi ne, kada ka saye shi.

Game da hujjoji, in ka zo za mu buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon mahaifiyarka. Lambar tana ciki a naɗe cikin tsohon hankici, ta tagulla ce mai tambarin Majalisa, ƙyallenta ya ɗan koɗe. Amma kada ka ɗora rai a kanta, domin ƙarfe ba ya shaida, kuma jami'in da zai duba ya san ana iya samun irinsa a hannun mutane. Takardar shaidar da aka ba mu tare da ita ce ta fi ƙarfi, sai dai ruwan da ya rushe ɗakin soro a wata damina ya jiƙa ta, tawadar sa hannun ta narke, ko da yake nambar sojata da hatimi suna karantuwa. Akwai katin shaida mai hotona da shuɗiyar hula, akwai hoton ranar faretin inda ake ganin hafsan da ke maƙala mana, akwai kuma wasiƙun da na aiko gida masu ɗauke da kwanan wata. Mutum biyu da muka yi aikin tare suna raye, ɗaya a wajen Gumel ɗaya a Wudil, kuma na san littafin ɗayansu ya ambaci lambar. Kwafin littafin nasa yana da amfani ƙwarai, domin in an buga sunansa a oda, ta nan za a gano takardar, kuma a irin wannan takarda jerin sunayen bataliya ake bugawa gaba ɗaya. Ka yi hoton kowace takarda, ka yi kwafi, amma kada ka bar ta asali a hannun kowa, kuma kada ka sa biro a jikin ko ɗaya da niyyar fito da abin da ya dushe.

Akwai maganar suna, wadda nake jin za ta fi ba ka wahala. A zamaninmu mutum yakan shiga soja da sunan garinsu a madadin na mahaifi, ni ma da sunan gari aka rubuta ni a Difo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, alhali katin ɗan ƙasa da asusun banki sunan kakanka suke ɗauke da shi. Haka nan takardun farko sun ce ni mutumin Jihar Kano ne, domin ba a ƙirƙiro Jigawa ba sai a watan Agustan 1991. Mu je kotu a Ringim in yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, mu karɓi ta shaida daga dagaci da hakimi. Kuma a kan kowane shafi da za ka aika ka rubuta nambar sojata, domin da ita ake neman mutum, suna kuwa ana iya samun mutum goma masu irinsa.

Takardar neman gyaran da sunana za a rubuta ta, ni zan sa hannu, tunda ina raye kuma fayil ɗin nawa ne. Kai mai rakiya ne da bin sawu. Ta zama shafi guda: namba, muƙami, bataliya, lokacin aikin Saliyo, abin da aka tsallake, abin da ake roƙo, da jerin abin da aka liƙa. Ban da kirari, ban da tarihin wahalar da aka sha. Ka fara biyawa ta ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya a Dutse, domin sun saba da irin wannan kuma wasiƙar rakiyarsu tana da daraja. Ofishin adana bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja, a barikin Chari Maigumeri, hedikwata kuma tana Abuja. Hukumar fanshon soja da ke unguwar Dutsen Alhaji a Abuja, wadda ba Dutsenmu ba, aikinta kuɗi ne, saboda haka kada ka kai mata maganar lamba. Kuma in faɗa maka tun yanzu, gyaran nan ba don ƙarin fansho nake son sa ba, kada wani a gida ya fara lissafi. Duk inda ka miƙa takarda ka nemi a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a jikin kwafinka.

Ka ambaci cewa in an yi jinkiri za ka sa maganar a Facebook. Ina roƙonka kada ka yi. Takarduna suna ɗauke da namba da hoto, kuma 'yan damfara irin su suke nema. Ban da haka, jami'in da ke zaune a kan teburin nan yau wataƙila yana firamare lokacin da muke Saliyo, bai yi mana laifin komai ba. Ka gaishe shi da muƙaminsa, ka faɗi bukatarka a taƙaice, ka tambayi ranar da za ka dawo, ka kuma koma a ranar. In shiru ya yi tsawo, ka rubuta takardar tuni ka ambaci kwanan watan ta farko. Na san burinka a gama kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, don in fita fareti da littafi gyararre. In ya samu to madalla, in bai samu ba lambar tana ƙirjina kamar kowace shekara, kuma gaggawa ce ke tura mutum hannun masu cewa sun san hanya.

In Allah ya sa an gano odar nan, ka nemi a duba sunan abokin nawa da ka ji labarinsa. Ya warke daga harbin, ya koma bakin aiki, an maƙala mana lambar rana ɗaya, ya rasu bayan mun yi ritaya. Iyalinsa suna nan kusa da Taura, kuma babban ɗansa ya taɓa tambayata ko da gaske mahaifinsu ya yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, domin shi ma littafinsa bai faɗa ba. Su ne za su rubuta tasu takardar a matsayin magada, amma kwafin abin da ka samo zai rage musu rabin aiki.

Ka shirya zuwa bayan an gama yankan gero, ka taho da farar takarda da ambulan manya, kuma ka zo ranar aiki saboda kotu. Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam.

Mahaifinka.