Babana, ka daure ka karanta wannan

Na kira ka sau uku jiya baka ɗauka ba, shi yasa nace bari in rubuto ka karanta duk sanda ka samu ƙarfi. Tun zuwanka na ƙarshe abin nan ke cina a rai. Ina kallo wayarka tana ƙara a gefen filo ka zuba mata ido har ta katse, abincin da na ajiye maka da rana haka na ɗauke shi da daddare ko buɗewa baka yi ba, ƙarfe uku na dare ina jin motsinka, kai da ƙwallo bata wuce ka amma ƙannenka na ta ihu a falo ko leƙowa baka yi ba. Ni kuma buɗar bakina sai nace son jiki ne yai maka yawa. Ka yafe min, maganar nan har yau tana ƙona ni.

Daga baya na zauna da wata likita na zayyana mata komai, tace wannan yana kama da ciwon damuwa. Tace ɓacin rai kowa na yi ya wuce, amma idan mutum ya kai sati 2 kusan kullum cikin ƙunci, ko abin da da yake so ya fita ransa gaba ɗaya, ga barci ya rikice, ga gajiya ba aikin fari ba na baƙi, hankali baya tsayawa wuri ɗaya, yana ganin shi ba komai bane sai nauyi ga mutane, to ciwo ne kamar hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne suke fama da shi a faɗin duniya. Don haka duk wanda yace maka rashin tawakkali ne ko ragwanci kar ka saka a ranka, addu'a muna yi, asibiti ma zamu je.

Kar ka ji tsoron zuwan, tambayoyi ne zasu maka, akwai ma wata takarda mai tambaya 9 da ake cikewa, wani lokacin su ɗibi jini don ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo kan kawo irin wannan kasalar. Magani kuma akwai zama da ƙwararre kuna tattaunawa yana koya maka yadda zaka kama mugun tunani kafin ya kayar da kai, akwai ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline. Sai dai basa aiki yau-yau, sai an yi sati 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, farkon sha ma ana iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, nan ne da yawa ke watsarwa suce baya yi. Ko ka warware ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, kuma ba a yankewa lokaci ɗaya sai likita ya rage a hankali.

Abu ɗaya nake roƙonka. In tunanin mutuwa ko cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, ko bayan ka fara magani ne, ka faɗa min a take ko ka wuce asibiti, ko tsakar dare ne. Bazan yi faɗa ba, bazan yi kukan da zai ƙara maka nauyi ba.

Zan kira anjima da daddare. Ko baka da abin cewa ka ɗauka, in ji numfashinka ma ya isheni, sai mu sa ranar da zan raka ka.

Mamanka