Hasashen yanayi na wata biyu ba abin ɗora shuka a kansa ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi tsokaci a kan saƙonnin hasashen yanayi da ke cika wayoyin jama'a da zarar hunturu ya kunno kai. Mu wasu ne daga cikin masu sha'awar lura da yanayi a nan Sakkwato, masu ajiye ma'aunin ruwa da na zafi a gida.

Saƙonnin iri biyu ne. Wani ya ce rana kaza ga watan Janairu za a yi jaurar da ba a taɓa gani ba, alhali ana cikin Nuwamba. Wani kuma hoton tudun yashi ne lulluɓe da dusar ƙanƙara, an rubuta a ƙasa wai ta sauka a Sahara, saura arewacin Najeriya. Hoton gaskiya ne, rubutun ne ƙarya. Garin Ain Sefra ne a Aljeriya, inda dusar ta sauka a 1979, ta sake sauka a Disamban 2016 da Janairun 2018. Garin yana gindin duwatsun Atlas, tsayinsa daga teku ya kai mita 1,000, kuma guguwar sanyi daga Turai tana isa can da laimarta. Sakkwato ba ta wuce kimanin mita 300 ba, iskar hunturunmu kuwa busasshiya ce, wadda ke tsage leɓe da diddige. Dusar ƙanƙara tana son abu biyu a haɗe: gajimare mai laima, da sanyin da ya kusa sifili tun daga sama har ƙasa. Ba mu da ko ɗaya. Ƙanƙarar da ke faɗowa da hadarin farkon damina, mai huda ganyen shuka, daban take; a can ƙololuwar hadari take daskarewa, ta faɗo kafin ta narke.

Wannan ciwo ba mu kaɗai yake damu ba. A Ingila akwai dubban mutane masu ɗokin ganin dusar ƙanƙara kamar yadda manomin alkama a Goronyo ke ɗokin sanyi, kuma su ma suna faɗawa ramin da muke faɗawa. Yadda abin ke faruwa shi ne, na'urar hasashe ta Amurka, GFS, tana fitar da taswira sau huɗu a kowace rana, kowanne karo tana hango har kwana 16. A cikin wannan tarin taswira ba a rasa guda da ta nuna dusa ta rufe Landan nan da mako biyu. Mai ɗoki sai ya tsinci wannan guda ɗaya ya yaɗa, ya bar sauran da suka nuna ruwa da iska. Bayan awa shida na'urar ta sake lissafi dusar ta ɓace, amma labari ya riga ya zaga gari. Hatta hukumar yanayi ta Birtaniya ta sha kunya a wannan fage. A 2009 ta yi hasashen bazara mai zafi da rana, aka kwashe watan Yuli ana ruwa. Ta ce hunturun da ke tafe zai fi karkata ga sauƙi, sai aka yi sanyin da aka shekara wajen talatin ba a ga irinsa ba. A watan Maris na 2010 ta daina fitar wa jama'a irin wannan hasashen na zango guda.

Ba rashin ƙwarewa ba ne, halin iska ne. A 1961 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya sake saka wa kwamfuta lissafin yanayi, amma maimakon 0.506127 sai ya taƙaita ya saka 0.506. Da farko sakamakon ya bi na baya sau da ƙafa, can gaba kuma suka rabu kamar ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Tun da babu mai iya auna iskar duniya duka ba tare da ɗan kuskure ba, kuskuren nan yana ta ninkuwa, kafin mako biyu ya cinye hasashen. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To daga Laraba ne, ba daga watan jiya ba.

Shi ya sa cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, ba ta tsayawa a kan lissafi guda. Tana maimaita shi sau 51, kowanne da ɗan sauyi a mafari. In 45 suka nuna sanyi, magana ta yi ƙarfi. In biyar kaɗai suka nuna, sauran suka watse ko'ina, amsar gaskiya ita ce ba a sani ba tukuna. Manhajar da ke cikin waya ba ta gaya wa mutum wannan, sai dai ta zana masa ɗan gajimare a kan rana ta goma sha huɗu kamar ta je ta gano. A aikace, hasashen kwana ɗaya zuwa uku abin riƙewa ne, na huɗu zuwa bakwai yana nuna inda aka dosa, wanda ya haura goma kuwa da wuya ya fi abin da dattijon manomi ya sani game da wannan wata.

A nan wajenmu ma akwai bambanci tsakanin hunturu da damina. Hazo ya fi sauƙin hangowa, domin ƙurarsa mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tauraron ɗan'adam yana ganin tashinta, kuma tana ɗaukar kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso. Ruwan damina shi ne mai wuyar sha'ani. Na'urorin nan suna yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13, hadari kuwa yana iya zuba a Arkilla ya bar Gidan Igwai da ƙura. Hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara yana da amfani, amma a karanta shi yadda aka rubuta shi: yana ba da lokacin da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta da yawan ruwa, tare da ratar kwanaki gaba ko baya. Masu yaɗawa su ne ke yanke ratar su bar rana guda tsirara. Saukar da ruwa dai na Allah ne, ɗan'adam kirdado yake yi da abin da ya auna.

Abin da ke hannun kowa shi ne awo, kuma bai da tsada. A samu mazurari mai faɗin baki santimita 11.3, faɗin filin bakinsa ya zama santimita murabba'i 100, don haka kowane mililita 10 da ya taru daidai yake da milimita 1 na ruwan sama. In mazurarin mai santimita 20 ne, mililita 31 ne milimita ɗaya. A auna bakin daga ciki da rula, kada a yarda da abin da mai shago ya faɗa. A zura shi a kwalba mai siririn wuya, a toshe gefen da tsumma don kada rana ta shanye ruwan, a binne rabin kwalbar a ƙasa ta yadda bakin mazurarin zai tsaya daidai, kimanin santimita 30 daga ƙasa. Ya yi nesa da bango ko bishiya aƙalla ninki biyu na tsayinsu: darbejiya mai mita shida, a ba ta mita goma sha biyu. Kan soro bai dace ba, iska tana kwashe ɗigon ta wuce da shi, awon ya fito ƙasa da gaskiya. A karanta kullum da safe a lokaci guda da sirinji mai mililita 20, a rubuta a littafi ko da sifili ne, domin ranakun da ba a yi ruwa ba su ne rabin labarin. Masu ɓata awo sanannu ne: akuya, yara, ƙurar da ke riga hadari isowa ta toshe mazurari, da zanzaro da ke gina ɗakinsa na laka a cikin bututun. A riƙa leƙawa ana zura tsinke.

Da wannan littafi a hannu mutum zai iya bin ƙa'idar da masu binciken noma a Sahel suka daɗe suna aiki da ita: damina ta zauna in an tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a sami tsaiko na fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo. Kashi na biyu ba a saninsa sai daga baya, shi ya sa ruwan farko na watan Mayu ke cin irin mutane: gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Mai hankali yakan raba irinsa biyu, ya riƙe rabi. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace mita murabba'i, saboda haka yayyafin milimita biyar, a ƙasar da ta sha zafin digiri 42, bai wuce ya kwantar da ƙura ba.

Ma'aunin zafi kuma, wanda ya fi shafar masu alkama da albasa a fadama, a sa shi cikin farin akwatin katako mai tsage-tsage da iska ke ratsawa, mita ɗaya da rabi daga ƙasa. In aka rataye shi a bangon siminti ko ƙarƙashin rufin kwano, zafin bangon zai auna. Sanyi ya fi tsanani ne daf da fitowar rana, don haka bayan sallar asuba ake dubawa. Daren da sama ta yi garau kuma iska ta kwanta ya fi sanyi, kuma kwarin fadama yakan fi cikin gari sanyi da digiri biyu ko uku.

Roƙonmu gare ka, Edita, duk hasashen da za a buga a faɗi hukumar da ta fitar da shi da ranar da ta fitar, a kuma bar ratar kwanakin da kason yiwuwar yadda suke. Wanda ya zo ba suna, ko ya ambaci rana guda a wata mai zuwa, a ajiye shi a aljihun tebur har ranar ta zo, sannan a buga shi gefe da gefe da abin da ma'aunin filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya nuna.

Wassalam.

Daga wasu masu lura da yanayi,
Sakkwato.