Rahoton Ayyukan Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobin ƙungiyar unguwarmu.

An yi tarukan wata-wata kamar kullum, ban da na azumi.

Babban abin farin cikinmu bana shi ne rijiyar burtsatse da muka mayar kan sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya zame mana ƙarfen ƙafa, kuɗin mai kaɗai na cinye abin da ake tarawa. Ranar da aka buɗe, Mai Unguwa da Liman da iyayenmu mata duk sun zo, yara na ta shewa da ruwa ya fara zuba a tanki ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Amfanin ya fito fili a watan Oktoba, lokacin da aka lalata layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. 'Yan garuwa sun tsawwala kuɗi a ko'ina, amma famfonmu bai tsaya ba, har daga maƙwabta ake zuwa da jarkoki. Allah ya saka wa matasan da suka hau rufi cikin rana suka ɗaura farantan sola.

Wasu na tambaya ko sola za ta raba mu da matsalar wuta gaba ɗaya. Ni dai ina ganin za ta iya, in an kula da ita. Zafi na ƙaruwa, ruwan madatsun Kainji da Shiroro kan ja baya da rani, rana kuwa muna da ita. Sai dai ƙurar hunturu na rage ƙarfin farantan in ba a goge ba, zafi kuma na kashe batir da wuri.

A kan batir ɗin ne maganar fitilun sola da muka shirya sa wa a layukan unguwa ta tsaya. Ba sakacin kwamiti ba ne. Batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) da dala ake shigo da su, naira ta faɗi, farashin da aka ba mu farkon shekara ya tashi kafin mu haɗa rabin kuɗin. Kuɗin wata kuwa, waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabi ba. Na bi gida-gida, na kira, na tura saƙo. Abin da ya fi ci mini rai, masu cewa "aikin ya yi jinkiri" yawancinsu sunansu na cikin littafin bashi. Jadawalin goge farantai ma mutum ƙalilan ke riƙe da shi.

Duk mai bashi ya biya kafin taron Janairu. A ranar za a karanta sunaye, kuma za a yanke ko a ci gaba da fitilun ko a ajiye kuɗin don gyaran famfo.

Ma'aji